Ranar da Inna Tasalla Ta Kira Sunan Ɗanta

Kubura tana shanya ganyen zogale a tsakar gidanta na Jiratawa ta ji muryar mahaifiyarta. Ta waiga ƙofar gida da sauri, ba kowa. Ashe muryar daga hannun Mansura take fitowa, maƙwabciyarta da ta shigo aron turmi, riƙe da waya, tana dariya har da dafe ciki.

"Kubura, zo ki ga wagga tsohuwa. Wallahi tun jiya take kashe mu da dariya."

Mansura ba ta da laifi. Bara aka kawo ta garin, ba ta taɓa ganin uwar Kubura ba. Kubura ta goge hannu a zani ta karɓi wayar. Ga Inna Tasalla zaune bisa tabarma, an ɗora mata wani ƙaton tabarau na ƴan gayu. Tsakar gidan ma ta gane shi, gidan ƙanenta Rashid ne a Sabon Gari. Muryar Rashid ɗin ce ke fitowa daga bayan wayar.

"Inna, mi ne sunan ɗanki na hwari?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kai, tahi can, marar kunya! Ina ka taɓa jin haka?"

"Sau guda dai, Inna. Hwaɗa mana."

Ta laluba ta ɗauki takalminta ta ɗaga masa. Dariya ta ɓarke a cikin wayar, ta Rashid da ta matarsa Malika. Kubura ta zauna a bakin turmin da aka zo aro. Sai a lokacin Mansura ta dubi fuskarta, ta dubi ta tsohuwar, dariyar ta mutu a bakinta.

Inna Tasalla irin matan nan ce na da, waɗanda ba sa kiran sunan ɗan fari. Abdulmutallib, babban ɗanta, har ya yi furfura a kan hanya yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da ƙasar Agadas, amma bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". In ya shigo gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Da tsufa ya fara rikita ta, ta manta sunayen jikokinta, tana sallar la'asar ta sake yin wata, tana tambayar mijinta da ya daɗe a ƙasa ko ya dawo daga gona. Komai ya zube mata sai wannan kunyar. Ita kaɗai ce cutar ba ta ƙwace ba, kuma ita ce ɗanta na cikinta ya mai da abin wasa.

Washegari Kubura ta hau kabu-kabu zuwa Sabon Gari. Tana shiga gidan ta ga wata fitila mai zagaye a kan sanda, an kafa ta dab da tabarmar Inna. Malika ta tarbe ta da fara'a, ta kawo ruwan sanyi. Kubura ba ta sha ba.

"Ina Rashid?"

Ya fito daga ɗaki yana murmushi, murmushin wanda ya riga ya shirya amsarsa.

"Rashid, uwarmu ka aza a waya duniya na dariya?"

"Haba Yaya Kubura, wace irin dariya? Son ta suke. Ki duba abin da suke rubutawa, kowa Inna, Inna. Har daga Makka ana gaishe ta. Abone ɗinmu, masu bin shahinmu, sun hi mutanen garinmu Tsibiri yawa."

"Ita ta ce ka aza ta?"

"To ita mi ta sani? In an gama, ko minti biyar ba a yi ta manta. Abin da mutum bai sani ba ina zai dame shi?" Ya gyara tsayuwa, muryarsa ta ɗan yi kauri. "Kuma tunda kin kawo magana, maganin da lokotoro ya rubuta mata, wa ke saye? Shagona ya kwanta, kin sani. Yaya shina can cikin sahara, sai ya yi wata biyu ba a ji shi ba. Ke kina Jiratawa. Ni da Malika muke wankinta, muke tashi in ta tashi. Kado ɗin nan, kyautar kuɗin da masu kallo ke aikowa, cikinta shike komawa."

Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta fi yi wa Kubura ciwo. Ta wuce shi ta shiga ɗakin Inna. Tsohuwar na zaune a lungun gado, ta juya wa ƙofa baya. Ta daɗe tana duban Kubura kafin idonta ya washe.

"Kubura ce? Rufe ƙohwa." Ta kamo hannunta, ta yi ƙasa da murya. "Akwai mutane cikin madubin yaron ga. Suna kallona. Ban san mi na yi musu ba."

Wannan ita ce wadda aka ce ba ta san komai ba. Kubura ta haɗiye kuka, ta ce, "Inna, tashi mu tahi Jiratawa, ki zauna wurina."

Inna ta saki hannunta kamar ta taɓa wuta. "Gidan suruki? Ni? Allah shi kiyaye."

Rashid, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe hannuwa. "Kin ji da kunnenki. Ba ni na hana ba."

Daga nan Kubura ta wuce Tsibiri wurin Kawu Tanimu, ƙanen Inna, wanda shi ne babba a dangi yanzu. Tun kafin ta kai gidan ta ji abin da ya sa ta rufe fuska. Wasu ƴan mata a bakin famfo, ɗaya ta ja ɗankwali ta rufe ido tana kwaikwayo, "Tahi can, marar kunya!" sauran suna tafi. A wannan unguwar Inna ta yi zamanta duka. Iyayen ƴan matan nan durƙusawa suke su gaishe ta.

Kawu Tanimu ya saurare ta yana jan carbi. A kusurwar zaure akwai buhun shinkafa sabo, ba a ko buɗe shi ba, Kubura kuma ba ta buƙaci a gaya mata daga ina ya fito ba.

"Na ji, ɗiyata. Abin bai yi kyau ba. Amma yaro na, kuma zamani na. Mu da munka tashi, rediyo ma cewa anka yi haram ta. Za ni yi mashi magana."

"Kawu, ƴar'uwarka ce hwa. Ciki guda."

"Shi ya sa nika cewa a bi sannu. Maganar gida ta, a rufa asiri. Kar ki je ki tara mana jama'a."

Kubura ta dube shi. Jama'ar da aka riga aka tara, daga nan har Makka, ita ce ake gudun kar ta tara. Ta yi masa sallama ta fita. A hanya ta gwada lambar Abdulmutallib, ta sake gwadawa. Inda yake babu reso, waya ba ta shiga.

Ko Kawu ya yi maganar ko bai yi ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da Kubura ta gani shi ne bidiyon sun ƙaru. Mansura ce ke kawo mata su yanzu, ba dariya, sai ta miƙa mata wayar ta koma gefe. Masu kallo sun fara gajiya da jan mayafi da ɗaga takalmi. Sunan suke so. A ƙarƙashin kowane bidiyo rubutu ɗaya ne ke maimaituwa: a sa ta ta faɗa. Wani ya ce Rashid rago ne. Wani, wanda ba wanda ya san fuskarsa, ya yi alkawarin kado mai girma ranar da tsohuwar ta furta. Kuma ita wayar, kamar yadda Mansura ta bayyana mata, wanda aka fi kallo shi take turawa gaba, wanda aka daina kallo ta binne shi. Rashid ya ɗanɗana gaba, ba ya son komawa baya.

Sai aka fara ɓoye mata carbi. Inna na laluben ƙarƙashin tabarma tana cewa, "Tasbahata, ku ba ni tasbahata," Rashid na kaɗa shi a gaban wayar. "Hwaɗi sunan, ki karɓa." Wata rana kwanon fura ne Malika ta riƙe a sama. Inna ta kalli furar, ta kalli Malika, ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. A wannan bidiyon babu ɗaga takalmi. Tsohuwar ta yi shiru ne kawai, mutane kuwa suka rubuta cewa yau Inna ta yi fushi, suka jera fuskokin dariya.

Da Kubura ta koma Sabon Gari, ta tarar Inna ta rame, wuyanta ya fito. Ɗakin na warin fitsari. Inna da a da ko ƙurar tsintsiya ba ta bari ta kwana a ɗakinta.

"Malika, mi ya hwaru?"

"Yaya, ƙin hita take. Ban ɗaki na can ƙarshen gida, in ta leƙo ta ga hitilar nan sai ta koma. Ta gwammace ta yi a zaune." Malika ta gyara ɗaurin zani, ta ƙara da cewa, "Amma wannan ba mu ɗauka ba, wallahi. Rashid ya ce a ɗauka, ni na hana. Mu ma mun san mutunci."

Ta faɗe shi ne tana jiran a gode mata.

Kubura ta wanke uwarta, ta sauya mata zani, ta ba ta fura a baki. Daga nan ba ta nufi tashar Jiratawa ba. Ta ce wa mai kabu-kabu ya kai ta komisariya, ofishin ƴan sanda, wurin da ba ta taɓa taka ƙafarta ba tunda aka haife ta. Aka nuna mata wata ma'aikaciya, Madam Balkisu, mace mai sanyin magana. Ta kalli bidiyon ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi ko murmushi ba. Da ta kai na furar, ta kife wayar a kan tebur.

"Kakata ma haka take," ta ce. "Har ta rasu ba ta kira sunan babana ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Malama Kubura, doka akwai. In kin kai ƙara za mu kira shi, kuma abin zai iya kai shi gaban alƙali, har kaso. Wannan hannunmu na kai wa gare shi. Abin da hannunmu bai kai wa shi ne masu dandalin da ake sa bidiyon a kai. Ba su da ofis a Maraɗi, ba su da wanda za ki je ki tsaya gabanshi. Saƙo ake aika musu a jira. Kuma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane, ba ni da tsintsiyar da za ta share shi."

"Kaso?" Kalmar kaɗai Kubura ta ji.

"Zai iya kaiwa. Ki yi shawara."

Ta fito tana ganin fuskar Rashid ranar da aka yaye shi, ita ta goya shi har bayanta ya yi kanta. Tana ganin ƴaƴansa ƙanana. Tana jin abin da Tsibiri za ta ce: ga wadda ta ɗaure ɗan'uwanta. Ta ce a ranta bari ta jira Yaya ya dawo, shi ne babba, shi Rashid zai ji wa tsoro. Ta koma Jiratawa da wannan shawarar, tana ganin ta yi hankali.

Ranar Juma'a bayan la'asar Mansura ta shigo da gudu, ko sallama babu.

"Kubura, sun buɗe direk, kai tsaye ake kallon su! Yanzu haka ake yi, ya ce yau za ta hwaɗa!"

Suka durƙusa su biyu a kan wayar. Inna na zaune a tabarma, an fito da ita, hasken fitilar na dukan fuskarta tana ƙifta ido. Rubutun masu kallo na gudu a gefe. Can sai aka ji ihu daga ƙofar gida. Rashid ya shigo hoton da hannu biyu a ka, Malika na biye da shi tana salati. Ya faɗi a gaban Inna.

"Inna! Inna, Yaya ya rasu! Mota ta kihe da shi hanyar Agadas, ko shurawa bai yi ba!"

Kubura ta ƙwala ƙara kafin ta ga Rashid ya juyo ya kashe wa wayar ido ɗaya. Ƙarya ce. Ta shiga yi wa gilashin magana kamar za a ji ta, "Inna, ƙarya shike! Inna, kar ki ji!" Tsakaninta da Sabon Gari tafiyar kabu-kabu ce, amma a wannan lokacin duk duniya na cikin tsakar gidan nan ban da ita.

Inna ba ta motsa ba da farko. Ta dubi Rashid, ta dubi Malika. "Wane yaya?" ta ce a hankali.

"Yayanmu, Inna. Ɗanki na hwari."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ita da sai an kama ta take tashi. Mayafin ya zame, ɗankwalin ya bi shi, farin kanta ya fito fili, kan da ko ƴaƴanta maza ba su taɓa gani ba. Ta ɗaga hannuwa sama. Muryar da ta fito ba ta tsohuwa ba ce, ta mai naƙuda ce.

"Abdulmutallib! Wayyo Abdulmutallib! Ɗana!"

Furanni da zukata suka rufe hoton, suna ta tashi sama. Rashid ya yi tsalle yana tafi. "Ta hwaɗa! Jama'a kun ji, ta hwaɗa! Inna, wasa ne! Wasa muke, shina nan lahiya lau!" Ya kama kafaɗarta yana dariya. Ba ta ko san yana yi ba. Ta zube a ƙasa tana kiran sunan, tana dukan ƙirji, tana kira. Dariyar Rashid ta fara raguwa. Aka ji Malika na cewa, "Kashe, kashe wayar." Hoton ya ɗauke.

Kubura ta isa gidan kafin magariba. Ba ta yi wa kowa magana ba. Ta ɗaura wa Inna ɗankwali, ta tattara ƴan kayanta a zani. Rashid na biye da ita yana murza hannu.

"Yaya Kubura, wallahi ban zaci zai kai haka ba. Na ce minti biyar ta manta, kullum haka take. Ki bari zuwa sahe ki gani."

"Matsa mini."

Kubura ta samo mota ta kai Inna tsohon ɗakinta na Tsibiri, ta aika wa mijinta cewa ba ta san ranar dawowarta ba. Safiya ta yi, Inna ba ta manta ba. Cutar da ke share komai cikin minti biyar ta ƙi share wannan. Kalmar wasa ce ba ta zauna ba, mutuwar ta zauna daram. Kowace safiya sai ta farka ta tambaya ko an kawo gawar. Kubura ta rantse mata da Allah cewa yana raye, Kawu Tanimu ya rantse, aka kira liman ya gaya mata. Sai ta gyaɗa kai ta ce, "Na gode, kuna ba ni haƙuri." Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa tana jiran masu gaisuwa. Abinci kuwa sai an yi da gaske take karɓar loma biyu.

Rashid ya goge shafinsa. Ya zo Tsibiri da idanu jajaye ya nuna wa Kubura wayar, ba komai a ciki. Amma ya makara. Wasu sun riga sun kwashe, sun yanka wurin ihun, sun ɗora masa kiɗa. Yanzu "Wayyo Abdulmutallib" ake sawa a bidiyon wanda ya faɗi daga babur, da na wadda miyarta ta zube, da na ƴan ƙwallon da aka ci. Kubura ta koma wurin Madam Balkisu, wannan karon ta ce a rubuta ƙarar, ko Tsibiri za ta ce me. Suka kuma aika wa masu dandalin saƙo a kan duk bidiyon da suka iya samu. Bayan kwanaki amsa ta zo da Faransanci, Madam Balkisu ta karanta mata ba tare da ta ɗago ido ba. Sun ce sun duba, ba su ga abin da ya saɓa wa ƙa'idarsu ba.

"Ba su gani ba?"

"Babu tsiraici, babu jini, babu zagi. Su abin da suke nema ke nan. Wata tsohuwa ce ke kiran suna." Ta ajiye wayar. "Wa ke gare su can da zai san abin da sunan nan ya ci mata?"

Kubura ta miƙe ta yi mata sallama. Abin da ke cin ta shi ne ranar da ta fita daga ofishin nan ta ce bari ta jira.

Abdulmutallib ya iso wata ranar Laraba da hantsi, da ƙurar hanya a gemunsa. Kubura ta tare shi a zaure, ta fara neman ta inda za ta soma. Ya ɗaga mata hannu.

"Na ji. A tashar Agadas na tsaya shan shayi, wani yaro na kusa da ni shina kallon waya shina dariya. Sai na ji ana kirana." Ya share ƙurar gemunsa. "Kubura, tun ina ƙarami nike son in ji yadda sunana zai hito daga bakinta. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Sai ga shi na ji, da kiɗa a ƙarƙashi."

Ta kai shi ɗakin. Ta sa rai, ba ta ɓoye wa kanta ba, cewa da Inna ta gan shi komai zai warware. Zai shiga, za ta kau da kai ta amsa wa bango kamar kullum, a huta.

Ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan, inda ya saba durƙusawa. "Inna, ina kwana?"

Ba ta kau da kai ba. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, da irin kallon da ake yi wa baƙon kirki.

"Lahiya lau, ɗan nan. Ka zo gaisuwa? Allah shi ba da lada. Matso kusa."

"Inna, Yaya ne," Kubura ta ce. "Dube shi da kyau. Shi ne."

"Bari, Kubura, kar ki ba baƙo kunya." Ta juya gare shi. "Ka san shi? Ka san Abdulmutallib?"

"Na san shi, Inna. Tare muke tuƙi."

Sai fuskarta ta saki. Ta kamo hannunsa ta riƙe a cinyarta, ta shiga ba shi labarin ɗanta. Yadda aka karɓe shi daga hannunta bayan yaye aka kai wa kakarsa, ta riƙa zagayawa ta bayan darni don ta hango shi yana wasa. Yadda ya yi ƙyanda ta kwana uku ba ta ci ba, amma ba ta iya tambayar jikinsa a gaban mutane ba. Yadda duk ranar da zai yi tafiya take tsayawa bayan ƙyaure har ƙarar motarsa ta ɓace. Ta ce cikin ƴaƴanta duka babu wanda ta so kamarsa.

"Ban taɓa hwaɗa mashi ba. Ban taɓa kiran shi ya ji ba. Cewa nike ya sani." Hawaye na bin ramukan fuskarta. "Kai da kuke tare, ya sani kuwa?"

Ƙaton mutumin nan da ke ratsa sahara ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. "Ya sani, Inna. Wallahi ya sani."

"To alhamdu lillahi. Yi mashi addu'a."

Kubura ta toshe bakinta da mayafi. Ta ji yayanta, da muryarsa, a gaban uwarsa, ya ce, "Allah shi jiƙan shi."

"Amin, amin."

A waje wani mai kabu-kabu ya wuce, wayarsa na ɗaure a kan babur, kiɗan nan na tashi, muryar Inna na ihu a cikinsa har ya sha kwana. Babu wanda ya tsayar da shi, babu kuma wanda zai iya. Ƙarar Kubura na can tana jiran ranarta, Rashid na can yana cewa kowa ai bai yi nufi ba, Kawu na cewa ƙaddara ce, waɗanda suka aiko furanni kuwa sun riga sun koma kan wata tsohuwar ko wani yaron. Inna ba ta gane muryarta ba. Ta shafa bayan hannun baƙonta, ta leƙa fuskarsa.

"Kana da kirki, ɗan nan. Uwarka ta yi dace. Mi ne sunanka?"

Abdulmutallib ya dubi Kubura. Ya san in ya faɗa, ihun zai dawo sabo. Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, ya kau da kai wajen bango, bai amsa ba.